Ƙwayar da ake haɗiya da ƙwayar da ake gada: wa ke biyan kuɗin binciken?

A wajen wata ta'aziyya a Garwa na ji maganar. Yaron da ya rasu ɗan acaba ne, bai cika shekara 25 ba. Farfaɗiya ce ta buge shi yana bisa babur, ya faɗi kansa ya daki kwalta. Kowa a zauren ya san tramol yake sha, amma ba wanda ya furta. Sai da aka shafa fatiha jama'a ta fara raguwa, wani dattijo ya sunkuyo wajen kawun mamacin ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Abin nan a jini yake. Ka tuna kakansu na wajen uwa." Kawun bai ɗago kai ba ya ce, "Baba, kakansu bai taɓa ganin tramol da idonsa ba. Ga kuma ƙanen yaron can, uwa ɗaya uba ɗaya, ko goro ba ya ci."

Na jima ina juya wannan 'yar magana tasu. Tambayar da suka taɓo, wato ko jarabar shaye-shaye gadonta ake yi, an fi shekara hamsin ana zuba mata kuɗi a ƙasashen waje, kuma an sami amsa, ko da ba cikakkiya ba. Hausa ma ta haɗa mana abin wuri ɗaya: ƙwaya muke kiran abin da yaron ya haɗiya, ƙwaya kuma muke kiran abin da ya ɗauko daga iyayensa, wato ƙwayoyin gado. Inda gizo ke saƙar shi ne, mafi yawan kuɗin da ake kashewa don gano alaƙar ƙwayoyin nan biyu daga aljihu ɗaya suke fitowa, mai aljihun kuwa jinin mutanensa yake aunawa, da irin abin da mutanensa ke sha.

Abin da tagwaye suka nuna

Tun kafin a iya karanta ƙwayoyin gado, da tagwaye aka fara. Akwai Hassan da Husainin da suka fito daga ƙwai ɗaya, kamarsu ɗaya sak, gadonsu ɗaya. Akwai kuma waɗanda ciki kawai suka haɗa, gadonsu rabi ne ya zo ɗaya, kamar na kowane wa da ƙane. Masu bincike a Amurka da Suwidin da Ostireliya sun bi dubban tagwaye suna tambaya: idan Hassan ya kamu, sau nawa ake tarar da Husaini ma ya kamu? Sai suka ga 'yan ƙwai ɗaya sun fi zuwa daidai. A Danmak kuma an bi yaran da aka ba da riƙonsu tun suna jarirai, aka tarar ɗan mashayin giya da ya tashi a wani gida daban har yanzu ya fi sauran yaran riƙo saurin faɗawa. Daga irin waɗannan ayyuka aka fitar da adadin da ake ta maimaitawa: gado na da kashi 40 zuwa 60 cikin 100.

Adadin nan ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Ba cewa aka yi rabin 'ya'yan mashayi za su zama mashaya ba. Abin da ake nufi shi ne, idan ka ɗauki al'umma guda ka ga wasu sun kamu wasu sun tsira, to kusan rabin wannan bambanci daga gado ya taso, sauran rabin daga tarbiyya, da abokai, da wahalar rayuwa, da sauƙin samun abin. Manomin masakwa ya riga malamin jami'a sanin wannan. Iri ɗaya ne, amma wanda aka dasa a karal daban, wanda aka jefa a jigawa daban. Mutumin da ya gaji saurin kamuwa da giya, idan ya rayu a gidan da ko warin bilbil ba ya shiga, zai tsufa ya mutu bai san yana ɗauke da komai ba.

Sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam su ne hujjar da na fi so. Kusan ɗaya cikin biyar ya kamu da hiroyin a can, inda take da arha kuma ga tsoro ga kaɗaici. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu bayan sun koma gida a farkon shekarun 1970, ta tarar cikin waɗanda suka kamu kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka koma ruwa a shekarar farko. Jininsu bai sauya a cikin jirgi ba, wurin zama ne ya sauya. Don haka da dattijon da kawun, kowa ya riƙe rabin gaskiya.

Me ya sa binciken ke cin kuɗi haka?

A 1990 wasu masu bincike biyu a Amurka, Kenneth Blum da Ernest Noble, suka ba da sanarwar cewa sun gano alaƙa tsakanin shan giya da wata ƙwayar gado mai suna DRD2. Jaridu suka ɗauka cewa an kama ɓarawon. Da wasu suka maimaita gwajin, sai abin ya ƙi tsayawa. Darasin ya yi tsada: babu wata ƙwaya guda ta shaye-shaye kamar yadda ake da ta amosanin jini, wadda idan ka gaje ta daga uwa da uba magana ta ƙare.

Gadon ɗan Adam kamar wani kundi ne mai haruffa kusan biliyan 3 da aka yi ta kwafa da hannu daga kaka zuwa jika. Mutum biyu, ko daga ina suka fito, sukan saɓa a kusan harafi ɗaya cikin dubu. A maganar shaye-shaye, ba harafi ɗaya ke yin aikin ba, dubbai ne, kowanne yana ƙara ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba a kan ma'auni. Wanda ke son ya ga nauyin ƙwayar gero ɗaya a cikin buhu, dole ya auna buhuna masu ɗimbin yawa. Shi ya sa ake bukatar mutane dubu ɗaruruwa, har miliyoyi. Karanta gadon mutum guda ya yi arha yanzu; aikin farko da aka kammala a 2003 ya ci kusan dala biliyan 3, yau kuwa 'yan ɗaruruwan daloli sun isa. Tsadar ta koma wajen tara mutanen, da yi wa kowannensu tambayoyi a tabbatar wane ne ya kamu wane ne yake taɓawa kawai, da adana yawu ko jini, da biyan masu lissafin da za su zauna gaban kwamfuta shekara da shekaru.

An sami abubuwa na gaske. Akwai wani sauyi a ƙwayar ALDH2 da ya yawaita a Sin da Japan da Koriya, wanda ke sa mai shi ya ji jiri da tashin zuciya fuskarsa ta yi ja da zarar ya kurɓi giya, don haka da wuya ya zama mashayi. A 2008 aka gano wani wuri da ake kira CHRNA5, mai alaƙa da yawan karan sigarin da mutum ke zuƙa a rana. A 2020, ta hanyar bayanan tsofaffin sojojin Amurka, aka tabbatar da hannun OPRM1, wato ƙofar da dangin tramol da kodin ke ƙwanƙwasawa a ƙwaƙwalwa. A 2022 wani bincike a kan taba da giya ya haɗa mutum miliyan 3.4, ya fito da wurare fiye da dubu uku. A riƙe sunaye biyun nan, CHRNA5 da OPRM1, za mu dawo kansu.

Mai aljihu

Babbar mai biya ita ce gwamnatin Amurka, ta hannun hukumar binciken lafiyarta, NIH. A ƙarƙashinta akwai cibiyar NIDA mai kula da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1974, kuma Nora Volkow ta fara jagorantarta a 2003. Kasafinta na shekara ya haura dala biliyan ɗaya da rabi. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Idan aka juya shi zuwa sefa, ya fi kasafin ma'aikatar lafiya ta Kamaru gaba ɗayanta, nesa ba kusa ba. Akwai 'yar'uwarta NIAAA mai kula da giya, ita ke riƙe da wani dogon bincike na iyalan mashaya da ake kira COGA tun 1989. Da mutuwar Amurkawa ta dalilin ƙwayoyin kashe raɗaɗi ta yi tsanani, har ta haura mutum dubu 70 a 2017 idan aka haɗa dukkan miyagun ƙwayoyi, sai aka ƙara buɗe wata taska a 2018 mai suna HEAL. Ba laifi ba ne. Majalisarsu ce ke ware kuɗin, daga harajin mutanensu, don gawarwakin da suke binnewa.

Yadda kuɗin ke fita kuwa, hukuma kan fitar da kira, malami ya rubuta takardar neman tallafi, wasu malamai 'yan'uwansa su zauna su ba ta maki. Kafin 2025 kusan ɗaya cikin biyar ke tsallakewa, wanda ya dace ya sami kuɗin shekara huɗu ko biyar. Masu ba da makin suna duban abu uku da ke kayar da namu tun a bakin ƙofa: me ka taɓa wallafawa, wane sakamakon share fage ka riga ka samu, kuma wane kayan aiki jami'arka ke da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamin da ke Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ko ta Garwa da ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 2022, ko ta Injamena, da Faransanci ya yi karatu, da shi yake koyarwa, takardar kuwa da Ingilishi ake rubuta ta, irin na masu sana'ar. Ko ya ci, akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: kuɗin ɗawainiya da ake ɗora wa tallafi don wuta da ruwa da ma'aikatan ofis, jami'o'in Amurka da yawa kan karɓi sama da kashi 50 cikin 100, amma na jami'ar ƙasar waje an ƙayyade shi a kashi 8. Da wannan kashi 8 ɗin za a sayi man janareto don firjin da ke bukatar sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a yankin da wutarsa ta dogara ga madatsar Lagdo, wadda kowa ya san halinta idan rani ya yi nisa.

Saboda haka hanyar da aka saba ita ce jami'ar waje ta ci tallafin, ta yanko wa abokiyar aikinta ta Afirka wani kaso. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski: tambayar da za a bincika can aka tsara ta. Wannan hanyar ma ta girgiza a 2025. A watan Mayu NIH ta dakatar da irin wannan yanke kaso zuwa ƙasashen waje har sai ta fito da sabon tsari, gwamnatin Trump kuma ta gabatar da kasafin da ke neman zaftare kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin hukumar, tare da narkar da NIDA da NIAAA da cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa su zama abu guda. Majalisa ce ke yanke hukuncin ƙarshe a kan kasafi, amma wanda ke jiran kaso daga nesa ya ga yadda igiyar take da siriri.

Namu gwamnatocin fa? Tun 1980 a Legas shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike. Har yau matsakaicin ƙasashen kudu da Sahara bai kai rabin haka ba. Kamaru na da ma'aikatar binciken kimiyya, tana da kwamitin yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1992, tana da dokar miyagun ƙwayoyi ta 1997. Doka dai ba ta sayen kwalbar gwaji.

Jinin wa aka auna?

Wani lissafi da aka yi a 2016 ya nuna kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka sa a manyan binciken ƙwayoyin gado 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 3. Binciken nan na mutum miliyan 3.4 ma kusan huɗu cikin biyar Turawa ne. Wani da aka fitar a 2023 a kan jarabar shaye-shaye gaba ɗaya ya haɗa Turawa fiye da miliyan ɗaya da masu asalin Afirka kusan dubu 92. Su ma waɗannan yawancinsu baƙaƙen Amurka ne, waɗanda aka kwashe kakanninsu daga gaɓar teku, jininsu kuma ya gauraya da na Turawa. Ba su ne Bafulatanin Adamawa ba, ba su ne Bakotoke ko Balaraben Shuwa na bakin Shari ba.

Wani zai ce ai ɗan Adam ɗaya ne. Haka ne, amma mu koma kan sunaye biyun da na ce a riƙe. Sauyin CHRNA5 da aka fi yin magana a kansa ya yawaita a Turai, a Afirka kudu da Sahara kuwa da ƙyar ake samunsa. Sauyin OPRM1 ya cika Asiya, yana nan daidai gwargwado a Turai, amma a wajen 'yan Afirka ƙalilan ne ke da shi. Ga mu kuma muna shan taba, muna shan tramol. Wato abin da ke aiki a jikinmu yana wani wurin da ba a leƙa ba.

Akwai dalili na biyu, mai ɗan zurfi. Sau da yawa masu bincike ba sa kama harafin da ke yin aikin, maƙwabcinsa suke kamawa, kamar mai kwatance da zai ce maka gidan da ke jikin darbejiya. A Turai kwatancen na aiki, domin Turawa daga 'yan tsirarun mutanen da suka fita daga Afirka suka yaɗu, unguwannin gadonsu ba su tarwatse sosai ba. A Afirka, inda ɗan Adam ya fi daɗewa, an yi ta raba gida ana sake shata filaye, darbejiyar na nan amma gidan da ke jikinta na wani ne. Shi ya sa ma'aunin haɗarin da aka gina da jinin Turawa kan yi rauni ƙwarai idan aka ɗora shi a kan ɗan Afirka. Abin dariyar shi ne, wannan tarwatsewar ce ke sa jininmu ya fi saurin kai mai bincike ƙofar gidan na ainihi. Duniya ce ke asara, ba mu kaɗai ba.

An yi ƙoƙari. Shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2022, ya kashe kusan dala miliyan 180, kuma malaman Afirka ne suka jagoranci ayyukan. Daga mutum 426 kacal suka fito da sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Amma manyan ayyukansa ciwon ƙoda ne, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, da amosanin jini, da kurumta, da ciwon barci. Babban binciken gado na taɓin hankali da aka yi a nahiyar nan kuwa, a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu aka yi shi. Wani ɗan Kamaru, Farfesa Ambroise Wonkam, wanda ya yi karatun likita a Yawunde kuma yanzu yake Jami'ar Johns Hopkins, ya kawo shawara a 2021 cewa a karanta gadon 'yan Afirka miliyan 3, ya ƙiyasta dala miliyan 450 a kowace shekara har shekara goma. Kuɗi ne mai yawa, amma bai kai sulusin abin da NIDA ita kaɗai ke kashewa a shekara ba.

Tafashiya, shanu, da hanta

Sau ɗaya dai tramol ɗin arewacin Kamaru ya shiga manyan mujallun kimiyya, kuma labarin ya isa a ba da shi. A 2013 wata tawaga ƙarƙashin Michel De Waard na Faransa ta ce ta gano tramol a cikin saiwar tafashiya, itacen nan da masu maganin gargajiya suka daɗe suna ba mai zazzaɓi da ciwon jiki. Duniya ta yi mamaki: maganin da kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa a 1962 ya fara sayarwa a 1977, ashe Allah ya riga ya halitta shi a daji? Shekara guda bayan haka tawagar Michael Spiteller daga Dortmund ta zo ta sake ɗibar samfuri. Ta tarar da tramol a saiwoyin Arewa Mai Nisa, amma babu shi a na kudu. Ta same shi a cikin ƙasa, da ruwa, da saiwar wasu itatuwan da ba tafashiya ba. Da aka tambayi manoma sai suka ce suna sha don su jure aikin gona cikin rana, suna kuma ba shanun huɗa. Dabba ta fake a inuwa ta yi fitsari, saiwa ta tsotse. An yi ta ja-in-ja, har a 2016 aka auna sinadarin da gwajin da ke bambance abin da tsiro ya yi da abin da aka haɗa daga man fetur, aka ga na masana'anta ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, itacen ne ya jawo jirage da na'urori, ba manomin ba. Yankin da mutanensa da dabbobinsa suka sha magani har ƙasa ta ɗauka, ai tambayar da ta fi cancanta ita ce me maganin ke yi a jikinsu.

Tambayar kuwa tana da ƙofa a buɗe. Tramol ba ya yin cikakken aikinsa sai hanta ta sarrafa shi, ta mayar da shi wani sinadari da ya fi shi ƙarfi nesa. Mai wannan aiki a hanta wata ƙwayar gado ce ke tsara shi, sunanta CYP2D6, kuma ita ce ke mayar da kodin ya zama mofin. Mutane sun bambanta a nan ƙwarai. Akwai mai hanta mai gaggawa, wanda ƙwaya ɗaya kan yi masa aikin biyu, ya fi jin daɗinta, ya kuma fi shiga haɗarin ɗaukewar numfashi. An taɓa aunawa a Habasha aka sami kusan kashi 29 cikin 100 suna ɗauke da ninkin wannan ƙwayar gado. Akwai mai hanta mai nawa. Wani nau'i mai rage gudun aikin, wanda masanin Zimbabuwe Collen Masimirembwa ya bayyana a 1996, ya yawaita a kudu da Sahara. Mai irin wannan yakan sha ya ce ba ta kama shi ba. Idan ya ƙara, tramol ɗin da ba a sarrafa ba na taruwa a jini, yawansa kuwa sananne ne wajen jawo farfaɗiya.

Yanzu a dubi inda muke zaune. Tafkin Cadi mahaɗa ce: Fulani, Hausawa, Barebari, Larabawan Shuwa, Kotoko, Musgum, Masa, Tupuri, Mundang, Giziga, Mafa, ga na gabas ga na yamma ga na arewa, an yi dubban shekaru ana auratayya. A dubi kuma abin da ake sayarwa. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a so a wuce 400 a yini. Na bakin tasha kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225, yawanci daga Indiya, su sauka a tashoshin jiragen ruwa na yammacin Afirka, su biyo hanyar Mubi ko Banki ko Gamboru, wasu su tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena. Indiya ta tsaurara dokarsa a 2018, a shekarar da Najeriya ta hana maganin tari mai kodin, amma har yau tramol ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka ɗaure. Ba shi ne ke kashe Amurkawa ba, wata ƙwayar kashe raɗaɗi ce mai suna fentanil, don haka ba shi ne ke gaban masu rabon tallafi ba.

Ina ya kamata kuɗin su tafi?

Zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana. Da wani zai ba ni sefa miliyan 100 ya ce in kashe a kan wannan matsala a Garwa ko Kusiri, ba zan fara da neman ƙwayar gadon jaraba ba. Wannan kokawar ta masu miliyoyin mutane ce, kuma ko su da suka yi ta, har yau ba ta haifi wani magani da ya sauya aikin likita ba. Zan fara da ƙidaya: su wa ke sha, nawa a rana, tun yaushe, kuma me ke cikin ƙwayar da suke saye. Zan biya a horar da ma'aikatan jinya yadda za su yaye mutum a hankali, domin wanda ya daina tramol dare ɗaya yakan sha azabar da ke mayar da shi. A halin da ake ciki, iyaye da yawa gidan mari suka sani, ko ruƙiyya, ko ofishin jandarma.

Amma zan ware wani kaso don hanta. Wannan ba ya bukatar miliyoyin mutane, 'yan ɗaruruwa daga kowace al'umma sun isa a san yadda nau'o'in suka rarrabu. Da yawu ake iya yi, kuma akwai kwalaben da ke riƙe shi ba tare da firji ba. Aikin na da ɗan wuya, don CYP2D6 na da wata maƙwabciya mai kama da ita da ke ruɗa na'ura, amma ba abin da ya gagari ɗalibin digiri na uku da aka horar. Amfaninsa kuma bai tsaya kan ɗan acaba ba. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa tramol ake ba ta, mai amosanin jini ma idan ciwon ya tashi shi ko kodin ake rubuta masa. Hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 waɗannan biyun tun 2017, saboda wannan bambanci na hanta.

Sai dai akwai abin tsoro, kuma ba ƙarami ba ne. A ƙarshen 2023 hukumar nan ta amince da wani gwaji mai suna AvertD, wanda ke duba wurare 15 a gadon mutum ya ce ko yana da haɗarin kamuwa. Masana da dama sun yi ca, suna cewa asalin mutum gwajin ke nunawa, ba haɗarinsa ba. A kwatanta irin wannan a wajenmu, inda kafin a ba da aure sai an binciki asali har kaka da kakanni, inda kuma tuni wasu ke kallon wasu ƙabilu a matsayin mutanen bilbil da arki. Ranar da wata takarda ta fito ta ce ƙabila kaza ta fi yawan hanta mai gaggawa, kafin la'asar an mayar da ita "jininsu na 'yan ƙwaya ne" a WhatsApp, alhali abin da ta faɗa shi ne likita ya rage musu adadin magani. Maganar dattijon nan ta zaure za ta sami hatimin kimiyya, ƙanen mamacin da ko goro ba ya ci shi ma ya rasa matar aure.

Ga kuma batun amana. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau na Pfizer a Kano a 1996 ba, a Kamaru ma gwamnati ta dakatar da wani gwajin maganin rigakafin ƙanjamau a Duwala a 2005 bayan ƙorafi a kan yadda aka yi da matan da aka sa a ciki. A Amurka, ƙabilar Havasupai ta ba da jini don binciken ciwon suga, daga baya ta gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da asalin ƙabilar. Sai a 2010 aka sasanta, aka biya su dala dubu 700, aka mayar musu da jininsu. Kamaru ta yi dokar binciken lafiya a kan ɗan Adam a 2022, kuma akwai kwamitin ɗa'a na ƙasa a Yawunde da ke duba irin waɗannan ayyuka. Amma takardar amincewa da aka rubuta da Faransanci, aka miƙa wa matashin da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa yake ji, ya dangwala yatsa, ba amincewa ba ce. Sai an zaunar da shi an gaya masa cewa yawun nan ba nasa kaɗai yake bayyanawa ba, har da na uwarsa da 'ya'yan da bai haifa ba, an kuma gaya masa inda za a ajiye shi da wanda ke da makullin. H3Africa ta shimfiɗa ƙa'ida a kan wannan: samfurin ya zauna a nahiyar, kuma malamin da ya tara shi a ba shi wa'adi ya fara wallafa sakamakonsa kafin na waje su taɓa. Rumbuna uku ta gina, ɗaya a Afirka ta Kudu, ɗaya a Kampala, na ukun, wanda ya fi kusa da mu, yana Abuja.